Na mayar da bashina kan katunan da ba su da ruwa, yaya zan yi da tsofaffin?

Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila, ina aikin jinya, shekarata bakwai a nan. Bashi ya taru mini a katunan bashi guda uku, fam 3,200 da fam 2,400 da fam 1,600, kowanne da ruwan kusan kashi 25 cikin 100 a shekara. A watan jiya na samu sababbin katuna biyu masu karɓar tsohon bashi ba tare da ruwa ba na wani lokaci. Na mayar da fam 4,800 kan na farko, wanda ya ba ni wata 24, aka caje ni kashi 3 na kuɗin mayarwa. Na mayar da fam 2,400 kan na biyu, wata 18, aka caje ni kashi 2.5. Iyakar sababbin fam 5,500 ne da fam 3,000. Tsofaffin uku yanzu babu komai a kansu, iyakarsu fam 4,000 da 3,500 da 2,500. Wata abokiyar aikina ta ce in rufe su duka yau, wani ɗan'uwa kuma ya ce rufewa zai lalata makina na cancantar samun bashi. Ina so in nemi gida nan da shekara biyu. A da, idan buƙata ta taso daga gida kafin albashi, da katunan nake tura kuɗi. Me kuke ba ni shawara?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya rufa asiri, ya sauke miki wannan nauyi cikin sauƙi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma matakin da kika ɗauka na tsayar da ruwan shi ne daidai. Amsarmu a taƙaice ita ce kada ki rufe ko ɗaya a wannan watan. Ki jira bayanin wata, wato takardar lissafin da bankin kati ke fitarwa kowane wata, ya fito sau biyu a jere babu ko fene ɗaya a kan kowane tsohon kati, sannan ki riƙe guda ɗaya, ki rufe biyu ɗaya bayan ɗaya. Akwai yanayin da za mu ce ki rufe su duka, za mu zo kansa.

Dalilin jiran shi ne abin da muke kira wutsiyar ruwa, kuma a nan mutane da yawa suke faɗuwa bayan sun gama aikin da ya fi wuya. Ruwan katin bashi kowace rana ake lissafa shi, amma sau ɗaya a wata ake rubuta shi. Adadin da kika gani a bayanin wata, wanda shi kika mayar, ya tsaya ne a ranar da aka fitar da bayanin. Daga wannan rana zuwa ranar da kuɗin sabon kati suka isa tsohon, ruwa bai daina taruwa ba. A kan fam 3,200 da irin ruwan da kika ambata, kusan fam 2 ne a kowace rana. Idan kwana 12 ne tsakani, akwai kusan fam 24 da ba za ki gani ba sai bayanin wata mai zuwa ya fito. Mutum ya duba manhaja, ya ga sifili, ya soke umarnin biya, ya daina buɗe wasiƙu. Fam 24 ɗin nan su fito, ranar biya ta wuce, a ɗora tarar jinkiri wadda galibi fam 12 ce, a kuma rubuta a kundin tarihin bashinsa cewa ya tsallake biya. Wannan tabon shekara shida yake yi a kundi. Ga mai shirin neman gida nan da shekara biyu, ya fi duk wata illar rufe kati ko barin sa a buɗe muni nesa ba kusa ba.

Saboda haka umarnin cirar kuɗi kai tsaye daga asusunki, wanda a can ake kira Direct Debit, ki bar shi a kan kowane tsohon kati, ki ma canza shi daga biyan mafi ƙaranci zuwa biyan duk abin da ya fito. Ki shiga manhajar kowane kati da kanki ki tabbatar kuɗin sun isa, kuma adadin da ya isa shi ne adadin da kika nema. Bankuna galibi ba sa yarda a mayar da fiye da kashi 90 zuwa 95 na iyakar sabon kati, wani lokaci sukan biya wani ɓangare su bar sauran a tsohon. Adadinki yana ƙasa da wannan, amma dubawa ba ta cin minti biyar. Idan kika tarar an biya fiye da kima, misali umarnin biyanki na wata ya fita a daidai lokacin da kuɗin mayarwa suka shiga, katin zai nuna cewa ke ce kike bin su. Ki kira su ki ce a dawo miki da rarar cikin asusunki na banki. Kada ki je na'urar ATM ki cire.

Cikin wata biyun nan na jira akwai shara da za ki yi. Ki buɗe bayanan wata 12 da suka wuce na kowane kati, layi-layi, ki fitar da duk wani kamfani da yake cirar kuɗi da kansa: wayar hannu, inshorar mota, wurin motsa jiki, kallon finafinai, ajiyar hotuna a intanet. Mun ce wata 12 saboda wasu sau ɗaya a shekara suke cira, kuma su ne ake mantawa da su. Kowanne ki shiga wurin kamfanin ki canza hanyar biya zuwa katin asusunki na albashi, ko ki soke idan ba kya buƙata. Dokar biyan kuɗi ta Birtaniya ta ba ki ikon umartar bankin katin ya tsayar da irin wannan cira, muddin kin faɗa musu kafin ƙarshen ranar aiki ta jajibirin cirar, kuma ba su da damar cewa sai kin fara neman yardar kamfanin. Sai dai tsayar da biya ba ya kashe yarjejeniyarki da kamfanin, dole ki sanar da su su ma. Mutane sukan ɗauka cewa rufe kati yana yanke waɗannan. Ba kullum ba. Kamfani yana iya turo cira bayan an rufe, bankin ya biya, ya dawo ya bi ki. Haka nan ki goge lambobin katunan daga Amazon da PayPal da Apple Pay ko Google Pay, da manhajojin tura kuɗi gida. Idan akwai kayan da kika mayar wa shago kina jiran a dawo miki da kuɗi, kan katin da kika biya da shi za a dawo da su, don haka ki jira su shigo kafin ki rufe.

Yanzu ga gardamar abokiyar aikinki da ɗan'uwanki. Kowannensu ya riƙo wani gefe na gaskiya. Abin da ɗan'uwan yake nufi shi ne ana auna bashin da ke kanki da jimillar iyakar katunanki. Da kuɗin mayarwa, fam 144 a na farko da fam 60 a na biyu, bashinki yanzu fam 7,404 ne. Iyakar katuna biyar ɗin idan aka haɗa fam 18,500 ce, wato kina amfani da kashi 40. Idan kika rufe tsofaffin duka, iyakar ta koma fam 8,500, amfanin ya haura kashi 87, kundin ya nuna mace wadda ta kusa cika katunanta, alhali ko fam ɗaya ba ki ƙara ci ba. Idan kika bar mai fam 4,000 kaɗai, kashi 59 ne. Abin da aka saba ba da shawara shi ne a zauna ƙasa da kashi 30. Akwai kuma daɗewar asusu: katin da ya yi shekaru ana biyan sa a kan lokaci shaida ce mai kyau, musamman ga wadda duk tarihinta a ƙasar shekara bakwai ne.

Amma ki lura da abu biyu da ɗan'uwan bai faɗa ba. Wannan kason hoto ne na wata guda, ba tabo ba ne. Yana sauka duk watan da kika biya. Idan kika bi lissafin da za mu ba ki a ƙasa, bayan shekara ɗaya bashin ya koma kusan fam 3,100, wanda a kan iyakar fam 12,500 kashi 25 ne kawai. Na biyu, makin da kike gani a manhajar Experian ko Equifax ko TransUnion, hukumomi uku masu ajiye kundin tarihin bashi, ba shi banki yake amfani da shi ba. Kowane banki yana ɗauko bayanan da ke cikin kundin ya yi nasa awon, ya haɗa da albashinki da abin da kike kashewa. Asusun da aka rufe lafiya kuma ba ya ɓacewa nan take, yana zama a kundi shekara shida da tarihinsa mai kyau. Don haka faɗuwar maki na 'yan watanni, a lokacin da ba kya neman komai, ba asara ba ce da za ta hana ki barci.

Abin da ya fi damun mu a wasiƙarki shi ne maganarki ta tura kuɗi gida da katunan. Kina da fam 10,000 na bashi a buɗe, a cikin jakarki, kuma dalilin da ya sa kika ci na farko bai tafi ko'ina ba. Za a sake kira daga gida. Rashin lafiya, kuɗin makaranta, biki, azumi da salla. Da yawa daga waɗanda mayar da bashi ya zame musu masifa ba ruwa ne ya kama su a sabon kati ba, tsofaffin ne suka sake cika a hankali, sai wa'adi ya ƙare suna da bashi kashi biyu. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. Kuma tura kuɗi da katin bashi yana cikin mafi tsadar abin da za a yi da shi. Bankuna da yawa suna ɗaukar sa tamkar cirar tsabar kuɗi: a caje ki wajen kashi 3 nan take, ruwa ya fara daga ranar ba tare da kwanakin sassauci ba, sau da yawa da farashin da ya fi na sayayya, kuma cirar tsaba tana fitowa a kundi inda masu ba da bashi ke karanta ta a matsayin alamar matsi. Muna roƙon ki ki yanke wannan hanyar gaba ɗaya. Ki ware wa gida adadi sananne daga albashi, ki faɗa musu adadin da ranar, ki kuma buɗe ɗan asusun ajiya daban da za ki riƙa zuba ko fam 40 ne a wata don kiran gaggawa. Faɗa wa iyaye da 'yan'uwa cewa akwai iyaka yana da nauyi a baki, mun sani. Amma kuɗin da ruwa ya cinye ba su isa hannun kowa a gida ba.

Ki tambayi kanki tsakaninki da Allah: idan waya ta zo ƙarfe goma na dare, katin yana nan da fam 4,000 a buɗe, za ki iya ƙin taɓa shi? Idan amsar a'a ce, ko kuma kin taɓa biyan kati tas ya sake cika, to ki bi maganar abokiyar aikinki, ki rufe ukun da zarar wutsiyar ruwa ta fita. Makin zai dawo da kansa.

Idan kin amince da hannunki, wanda za ki riƙe shi ne mafi daɗewa, matuƙar ba a biyan kuɗin shekara a kansa. Duk katin da ake biya wa kuɗin shekara shi ne farkon rufewa, sai dai ki fara kwashe ladan sayayya ko rarar da kika tara a kansa, domin suna tafiya da asusun. Wanda kika riƙe, kada ki bar shi ya mutu kwance, domin banki yana iya rufe katin da aka daɗe ba a taɓa ba, bayan ya ba ki sanarwar aƙalla wata biyu kamar yadda doka ta tanada, ko ya rage iyakarsa. Ki ɗora masa abu ɗaya ƙarami mai maimaituwa, kamar kuɗin layin waya na fam 10, da umarnin biyan duka kowane wata. Muddin ana biyan duka kafin ranar biya, ba a ɗora ruwa a kan sayayya. Katin kansa ya zauna a gida cikin akwati, ba a jaka ba, ba a waya ba. Ki kunna sanarwar kowace cira a manhaja, domin katin da ba a dubawa shi ɓarayin intanet suka fi jin daɗi. Ki kuma shiga saituna ki ƙi ƙarin iyaka da banki ke bayarwa ba tare da an nema ba, kina da wannan haƙƙin. Wasu sukan nemi a rage iyakar zuwa fam 1,000 don su taƙaita wa kansu. Wannan yana rage amfanin katin wajen kason da muka lissafa, amma ga wadda take tsakatsaki, ba ta amince da hannunta sosai ba kuma ba ta son rasa tsohon asusu, hanya ce mai kyau.

Rufewa kuma tana da ƙa'ida. Yanka kati da almakashi ba rufe asusu ba ne, asusun yana nan da ransa. Kafin komai ki sauke bayanan wata na shekarun baya ki adana, domin manhajar takan kulle bayan rufewa. Sannan ki kira su ko ki rubuta ta manhaja, ki tambayi adadin ƙarshe na rufewa har da ruwan da bai fito ba, ki biya, ki ce a rufe asusun kuma a aiko miki da tabbaci a rubuce. Mai amsa wayar zai iya yi miki tayin wasu watanni babu ruwa don ki zauna. Ki gode masa ki maimaita buƙatarki. Sai tabbacin ya zo za ki soke umarnin biya, ki yanka katin ta kan ƙwayar ƙarfen. Bayan mako shida zuwa takwas ki duba kundinki a hukumomin nan uku, wanda doka ta ba ki damar gani kyauta, ki tabbatar an rubuta cewa an rufe kuma babu saura. Idan an yi kuskure ki kai ƙorafi ga bankin a rubuce. Idan mako takwas suka wuce ba su warware ba, ko amsarsu ta ƙarshe ba ta gamsar da ke ba, hukumar Financial Ombudsman Service tana duba irin wannan kyauta, kuma kina da wata shida daga amsar ƙarshe ki kai gare ta. Ki bar kamar wata uku tsakanin rufe na farko da na biyu, bashin ya ɗan sauka kafin iyakar ta sake raguwa.

Wani abin da ke sa mutane jin tsoron rufewa shi ne kariyar sashe na 75 na dokar bashi ta 1974, wadda ta sa bankin kati ya ɗauki alhaki tare da mai sayarwa idan kayan da farashinsu ya wuce fam 100 bai wuce fam 30,000 ba suka zo da matsala ko ba su zo ba. Tikitin jirgin da kika saya kai tsaye daga kamfanin jirgi yana ciki. Wannan haƙƙin ba ya mutuwa don an rufe katin. Bayanan da muka ce ki adana su ne shaidarki.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan sababbin katunan ba su ƙare a kan lokaci ba. Wa'adin galibi daga ranar buɗe asusu ake ƙirga shi, ba daga ranar mayarwa ba, don haka ki nemo ainihin ranar ƙarewa a takardar yarjejeniya ki rubuta ta inda za ki riƙa gani. Ki raba bashin da watanni ƙasa da wa'adin da ɗaya. Fam 4,944 a wata 23 ya kama fam 215. Fam 2,460 a wata 17 ya kama fam 145. Jimilla fam 360 a wata. Ki sa umarnin biya ya zama wannan tsayayyen adadin, ranarsa kwana biyu ko uku bayan albashi. Mafi ƙarancin da banki ke nema tarko ne a nan. Idan kashi 1 ne na bashin, kika tsaya a kansa, bayan wata 24 za a bar ki da kusan fam 3,900 a katin farko, ruwa ya dawo da fam 70 da wani abu a wata. Jinkirin biya sau ɗaya kuma, ko wuce iyaka, yana iya sa banki ya janye rangwamen gaba ɗaya. Kada ki yi sayayya da sababbin ko kaɗan. A katuna da yawa rangwamen na bashin da aka mayar ne kaɗai, kuma kwanakin sassauci na sayayya ba sa aiki sai an biya duk abin da ke kan katin, wanda ke ba za ki yi ba sai ƙarshe. Bayan wata 17, idan na biyu ya ƙare, ki juya fam 145 ɗin kan na farko, za ki gama kafin lokaci.

Idan wata biyu kafin wa'adi kika ga akwai saura, nan ne rufe tsofaffin zai iya yi miki rana. Mafi tsawon wa'adi ana ba wa sababbin abokan hulɗa ne, kuma bankin da kika rabu da shi yakan sake ɗaukar ki sabuwa bayan wani lokaci, kowanne da nasa sharaɗin. Tsohon da kika riƙe ma yana iya aiko miki da tayin mayarwa tunda babu komai a kansa, wanda ba ya buƙatar buɗe sabon asusu. Ki tuna ba a mayar da bashi tsakanin katunan gida ɗaya, kamar NatWest da Royal Bank of Scotland, ko HSBC da first direct. Ki fara da na'urar gwajin cancanta da ba ta barin sawun da masu ba da bashi ke gani, domin cikakken nema yana zama a kundi kusan shekara guda.

Game da gidan, ko ta banki na yau da kullum za ki bi ko ta tsarin sayen gida na Musulunci, kundin nan ɗaya za a buɗe, kuma bashin da ya rage a ranar yana rage adadin da za a amince miki. Ki gama duk rufe-rufe cikin shekarar farko, watanni shida na ƙarshe kafin nema kada ki buɗe komai kada ki rufe komai. Ki tabbatar adireshinki ɗaya ne a duk katunan, har da wanda ke cikin akwati. Idan ke 'yar Najeriya ce ko Ghana ko Kamaru mai izinin zama, kina da damar shiga rajistar masu zaɓe a matsayin 'yar ƙungiyar Commonwealth, kuma bankuna suna amfani da rajistar wajen tabbatar da adireshi.

Idan kika zauna da albashinki da haya da abinci da kuɗin gida kika ga fam 360 ba za ta fita ba, kada ki jira wa'adi ya matso. Ki kira StepChange ko National Debtline, masu ba da shawara kan bashi, ko ki je ofishin Citizens Advice na Birmingham tun yanzu da babu ruwa a kanki. Shawararsu kyauta ce, kuma yin magana da su kaɗai ba ya shiga kundinki. Ki tafi da takardar albashi ta wata uku, da bayanan katunan biyar, da ranakun ƙarewar wa'adin biyu.